Ranar da Muka Saki Zakuna

Litinin, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Na dawo daga taron ƙungiyar ƙwallon unguwa, kaina kamar zai tsage. Maza cike da rumfa, ana ta juya shayi, ana gaisuwar da ba ta ƙarewa, kowa yana maimaita sunan zuriyar wanda yake gaisarwa, Mbengue, Ndoye, Mbengue, Ndoye. Sai da rana ta karkata sannan shugabanmu Pa Mbengue ya gyara murya ya ce bana babu kuɗin sa yara a nawetan, gasar damina. Na manya dai akwai. Manyan da suke shan kashi tun ina goyon ɗana Pathé.

Na ce, "Pa Mbengue, yaran fa?"

Ya ce yara ai shekaru na gabansu. In mu matan kwamiti muna so, mu nemo kuɗin rajista da riguna da motar kai su fili kafin Juma'ar ƙarshen wata, shi ba zai hana ba. Wai ba zai hana ba. Mijina Libasse Guèye, wanda shi ne ma'ajin ƙungiya, yana zaune kusa da shi yana kallon kumfar shayi sai ka ce yau ya fara ganinta.

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake ba. Ɗana Pathé shekararsa sha shida, bana ce daminarsa ta ƙarshe a cikin yara, kuma shi ne mai tsaron gidansu. Tun da ɗan yayata ya shiga kwale-kwalen zuwa Sifen bara ya turo hoto cikin rigar sanyi, yaron nan ba ya kallon komai a garinmu Rufisque sai teku. Na tsare shi a wurin bandar kifi na tambaye shi kai tsaye, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Inna, in za mu buga damina, ina nan. Masu neman 'yan wasa suna zuwa kallo. In babu, me zan zauna yi? Baba ma kifin ba ya samu."

To, zan nemo kuɗin.

Laraba, 7 ga Agusta, da hantsi

Ƙawata Daba Diouf ta zo da dabaru cike da baki, ta zo kuma da kocin yara, Assane Sall. Ita Baserera, 'yar ƙabilar Serer, shi Bafillacen Futa, abokan wasa, don haka rabin zaman ya tafi a zage-zage. Ya ce yara su riƙa wanke motoci. Ta ce, "Bawana, wace mota? A layin nan in ba keken doki ba me ka taɓa gani? Kai dai a ba ka nono ka yi shiru." Ya ce Baserere ba ya tunani sai ya ƙoshi, a kawo mata dambu tukuna.

Abin da muka tsayar: mu soya fataya, wato fulawa mai kifi a ciki, mu haɗa zobo mu sayar a bakin fili, mu fitar da anko mu ɗora 'yar riba a kai, mu shirya sabar, rawar ganga ta mata, da kuɗin kujera, mu kuma nemi wani mai hali ya zama uban taro.

Koci ya ƙara da cewa yara su riƙa wanke wa mutane raguna a bakin teku ranar Lahadi, ana samu sosai. Na ce a'a. Ya fara yi mini bayanin riba, Daba ta taka masa ƙafa.

Asabar, 10 ga Agusta, bayan magariba

Tun safe nake kan mai, idona ya yi ja. Fataya ta ƙare ƙaf, kuɗi kuwa ban gan su ba. Kowa bashi. 'Yan wasan manya su ne kan gaba, mutum ya cika baki da abin yara yana ce mini, "Sokhna Arame, ai duk gida ɗaya ne." Gida ɗaya a wurin ci. Sannan ruwa ya sauko ya kori sauran masu saye, muka kwaso zobo muka dawo da shi a ka.

Pathé ya taya ni ɗaukar kasko. A hanya ya tambaye ni nawa aka samu, na ce an samu.

Lahadi, 11 ga Agusta, da azahar

Ƙafafuna sun kumbura. Wanda bai biya fatayata ba, Allah ya isa.

Talata, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Mun je gidan El Hadj Thiombane, mai shagunan siminti, wanda ke son a zaɓe shi kansila. Ni da Daba muka ci ado kamar masu zuwa suna. Aka ajiye mu a benci tun hantsi, muna jin ƙamshin shinkafa da kifi yana wucewa ta kanmu zuwa sama, ko ruwa ba a ba mu ba. Da ya sauko sai ya ware hannu, ya ce yaran unguwa ai 'ya'yansa ne, riguna a kansa, takalma a kansa, mu je mu kwanta da minshari. Ya kira mai ɗaukar hoto aka ɗauke mu tare, sannan ya hau mota.

Daba ta ce ita dai ta ƙoshi da romon baka, ba za ta ci abincin dare ba.

Alhamis, 15 ga Agusta, da safe

Riguna sun iso. Farare, na ƙarti, kowace da fuskar El Hadj Thiombane a ƙirji yana murmushi, babu lamba a baya. Na sa wa ƙaramin ɗan wasanmu ɗaya, ta sauko masa har gwiwa. Koci ya ce ko alƙalin wasa makaho ne ba zai bari a shiga fili da su ba.

Takalma kuwa, an ce suna hanya. Na san hanyar.

Lahadi, 18 ga Agusta, da hantsi

Jiya mata suka fitar da ni kunya. Rawar sabar ta cika ta batse, anko ya ƙare tun Juma'a, har na layin tasha sun zo. Masu bandar kifi 'yan uwana, waɗanda na san abin da ke cikin tukunyarsu, su ne suka fi kowa liƙi. Tsohuwa Mame Yandé ta kwance bakin zanenta ta ba ni abin da ke ciki, ta ce jikanta ya bi teku tun bara ba labari, a sa wa na wasu.

Kuɗin rajista sun haɗu, har da rabin na riguna. Na faɗa wa Pathé da kaina, ya yi dariyar da na daɗe ban gani ba, ya ɗaga ni sama yana cewa na fi Pa Mbengue nauyi.

Dokar ƙungiya ta ce duk abin da aka tara a hannun ma'aji yake kwana. Na ƙirga a gaban Daba na miƙa masa.

Litinin, 19 ga Agusta, bayan asuba

Ba zan iya rubutu ba yau.

Litinin ɗin dai, bayan azahar

Kuɗin yara ne. Kuɗin yara ne.

Manya suna da wasa jiya da yamma. Jiya da safe wani mutum da ke kwana a gidan nan ya ɗauki kuɗin, shi da Pa Mbengue suka shiga mota zuwa wani ƙauye wurin malamin tsibbu. Suka dawo da jarkar ruwan rubutu da ƙullin layu da ƙwai. Aka yi wa ƙarti wanka, aka fasa ƙwai a bakin raga, aka hana su shiga fili ta ƙofa, sai da suka haura katanga kamar ɓarayi. Aka ci su biyu da nema.

Da na tambaye shi sai ya fara borin kunya. Wai aro ne. Wai da manya sun ci, da kuɗin ƙofa na wasa na gaba ya mayar har da ƙari. Wai kowace ƙungiya tana yi, in ba ka yi ba a yi maka. Wai shugaba ne ya ce, shi ba zai iya musa wa sa'an ubansa ba.

Na ce, "Guèye, ka san abin da ka sayar kuwa?"

Ya ce in rage murya, maƙwabta suna ji. Ban rage ba. Sai da na gama na juya na ga Pathé a tsakar gida yana wanke safarsa. Bai ɗago ba. Ya shanya safar ya fita, da aka zuba abinci ya dawo ya ci sosai, har ya ce miyar ta yi daɗi. Da ya yi faɗa ko ya fasa wani abu da hankalina ya fi kwanciya.

Talata, 20 ga Agusta, da yamma

Mutumin ya kawo mini kankana. Na ba akuya.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Daba ta same ni ina zagin itacen da ya ƙi kamawa. Ta tsaya ta bari na gama, sannan ta ce, "Arame, mu saki zakuna."

Simb. Me ya hana ni tunawa? Rabon unguwar nan da wasan zaki tun kafin a yi kwalta. Ba a roƙon kowa, ba a bin kowa bashi. A kewaye fili da igiya, a buga ganguna, a saki ƙarti cikin fenti da geza. Wanda ya sayi ƙyalle ya ɗaura a hannu ya sha kallo lafiya. Wanda ba shi da shi, ko ya biya nan take, ko zaki ya tumurmusa shi a taɓo, ko ya ranta a na kare. Irin neman kuɗin da ya dace da mutanen unguwar nan ke nan.

Babban zakin, wani mahauci ne a kasuwar tsakiya, ya yarda a biya shi bayan wasa. Makaɗa ma haka. Lahadi za a yi.

Pa Mbengue ya aiko wai kuɗin simb ma hannun ma'aji za su shiga, doka ce. Na ce wa ɗan aiken ya je ya faɗa masa a ƙuguna za su kwana, in yana so ya zo ya kwance da kansa.

Alhamis, 22 ga Agusta, da azahar

Ina tsoron masu shigowa ta lungu su ƙi biya. Na je na sami samarin da mu iyaye mata muka sa suna sintiri a bakin ruwa tun bara don hana yara shiga jiragen Sifen, na roƙe su ranar Lahadi su zo su tsare mini igiya. Babbansu ya ce bakin ruwan fa? Na ce yini ɗaya ne, kuma duk yaran unguwa suna wurin zaki, wa zai je teku? Ya ce to, tunda ni ce.

Pathé ya ce in faɗa masa gaskiya, in simb bai kawo ba, akwai wata dabara? Na ce zai kawo. Ya ce haka aka ce da sabar. Na daka masa tsawa na ce ba na son baƙin baki, ya je ya ɗebo mini ruwa.

Asabar, 24 ga Agusta, bayan magariba

Yini muka yi muna yanka jan ƙyalle. Tela ya cuce mu, ya kawo yadi mai zuba, duk hannuna ya rine. Masu kujeru sun ƙara kuɗi. Mai lasifika yana so a ba shi rabi tun yau. Kowa ya ga mace da 'yan sefa a hannu sai haƙoransa su fito.

Yaron dai ya huce, alhamdu lillahi. Ya zauna kusa da ni yana yanka ƙyalle har ya fi Daba sauri, yana ba ni labarin ranar da na bi shi da ludayi har fili. Ya tambaye ni rigar ruwan babansa ta zuwa kamun kifi, wai saboda atisaye cikin ruwan sama, na ce ya ɗauka, mai ita ba ya kamo komai da ita. Ya ce in soya masa gyaɗa da yawa zai raba wa abokansa. Na soya.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan asuba

Sama garau. Allah ka riƙe ruwanka zuwa magariba.

Lahadi, bayan isha'i

An samu. An samu har da ƙari. Rajista, riguna, mota, duk suna nan a ƙuguna ina jin nauyinsu.

Ban taɓa ganin jama'a haka ba. Da aka kaɗa ganguna zakuna suka fito, fuska ja da baƙi, ido a juye, suna gurnani, har ni da na ɗauko su sai da na ja da baya. Masu cin fataya bashi duk na gan su a taɓo. Wanda ya ce mini gida ɗaya ne, zaki ya ɗaga shi ya zaunar a kwata, ya biya yana rantsuwa.

Abin da zan tuna har in mutu shi ne Pa Mbengue. Ya shigo da babbar riga fara ƙal, hannu babu ƙyalle, wai shugaba ba ya sayen shiga taron ƙungiyarsa. Mahaucin ya zagaye shi yana shinshina. Ya ce, "Kai, ka san ko ni wane ne?" Daba ta ce daga bayan igiya, "Pa, zaki ba ya jin Wolof." Aka sa shi rawa a tsakiyar fili, aka shafa masa taɓo har gemu, ya biya ninki biyu. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Wajen faɗuwar rana na hango Pathé da wasu yara sun keta taro a guje, wani ƙaramin zaki a bayansu, suka bi lungun masu saƙa koma. Yana gudu yana waiwaye. Na miƙe ina tafi ina ihu a kamo mini shi, ɗan shugabar mata ma sai ya biya. Ya ɗaga mini hannu.

Bai dawo cin abinci ba, suna can suna shashanci. Na rufe masa nasa. Gobe da shi za mu je wurin tela a gwada riguna.

Litinin, 26 ga Agusta, da asuba

Bai kwana a gida ba.

Litinin, da azahar

Rigar ruwan ba ta nan.

Talata, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Wani tsoho mai gyaran koma ya gan su. Ƙaramin jirgi ya ɗebe su daga bayan duwatsu ana kiran magariba, babban yana jira a can ciki. Bakin ruwa babu kowa. Ɗan masunci ba ya biyan kuɗin shiga, hannunsa ake so.

Da hannuna na ɗaura masa jan ƙyalle ranar da safe. Da na gan shi yana gudu babu komai a hannunsa, ban tambayi kaina ina ya kai shi ba. Ranar simb wa yake tambayar yaro mai gudu ina za shi? Duk unguwa ta gan su, duk unguwa ta yi musu dariya.

Ni na ɗauke masu sintiri. Ni na soya gyaɗar. Ni na yi tafi.

Da ya jira ni yini ɗaya. Yini ɗaya, Pathé. Kuɗin suna jikina kana gudu. Ina jin haushinka kamar in mutu, kuma duk wanda ya buɗe baki ya zage ka a gabana sai na fasa masa baki.

Laraba, 28 ga Agusta, da hantsi

Gida cike da mata, kowa da labarinta. Wata ta ce mako guda ake yi, wata ta ce ya fi, wata ta fara ba da labarin jirgin da ya ɓace, Daba ta fitar da ita. Mutumin yana zaune a ƙofar ɗaki da waya a hannu, yana kuka kamar shi aka yi wa. Ya ce in yafe masa. Na ce ya matsa zan wuce.

Pa Mbengue ya zo jaje da sabuwar riga. Ya ce haka Allah ya ƙaddara, na ce haka ne. Ya sha ruwa, sannan ya ce tunda yara sun rasa mai tsaron gida da wasu biyu, ƙila bana a haƙura, kuɗin a taimaka wa manya da su, suna da wasa mai zafi.

Ban san lokacin da na ɗauki muciya ba. Ya bar takalminsa ɗaya, yana nan a bakin ƙofa, kowa ya shigo sai ya tsallake shi.

Alhamis, 29 ga Agusta, bayan azahar

Duk wayar da ta yi ƙara a layin nan sai in fito da gudu. Babu labari.

Juma'a, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Yau ake rufe rajista. Na yi wanka na ɗaura kuɗin, Daba ta ce in zauna ita za ta kai, na ce ba ita ta tara ba. Koci yana jiranmu a ƙofar ofishin gasa da takardar sunayen yara. Yau ko zolayar Daba bai yi ba.

Ya ja ni gefe, ya yi ta kame-kame. Ashe sunayen da ake karɓa ƙayyadaddu ne, kuma in aka buga hatimi ba a canzawa har ƙarshen damina. Ya cike gurbin sauran biyun, saura na Pathé. Ya ce in ina so a bar shi, zai bari, ba wanda zai ce uffan. Sai dai akwai Ibou, ɗan mai sayar da gawayi, shi ma yana tsaron gida, kuma in aka bar sunan Pathé shi ba shi da wuri. Ya ce tun Litinin ake ganin Ibou a kan duwatsu da yamma, shi kaɗai.

Na ce ai sojojin ruwa suna maido da wasu jiragen. Ya ce haka ne. Na ce yana iya dawowa jibi. Ya ce haka ne, Sokhna Arame. Daba ta riƙe mini gefen mayafi.

Na daɗe ina kallon sunan. Koci ya rubuta shi da kyau, shi ne na farko a sama.

Na ce ya goge. Ya riƙe biro ya kasa, ya ce wallahi hannunsa ba zai iya ba. Maza ke nan. Na karɓa na ja layi da kaina, na rubuta Ibou a kai, na shiga na biya, aka buga hatimi.

Daga can ban zo gida ba, na wuce kan duwatsu. Yana nan zaune, ɗan siriri, ya fi Pathé tsawo. Na ce ya tashi, Lahadi shi ne a raga, kuma daga yau in na sake ganinsa a wurin nan sai na karya masa ƙafa. Ya tashi. Na sa shi a gaba har ƙofar uwarsa, ban bari ya waiwaya ba.

Ni ce na koma na zauna a inda ya tashi.